Teburin mai shayi da taragon abincin Amurka: sana'ar da muke rainawa a Adar

Kwanakin baya na je tashar mota a nan Tahoua raka wani ɗan'uwana da zai tafi Agadas. Motar ta yi jinkiri kamar yadda aka saba, sai muka zauna wajen wani mai shayi muna jira. Rumfar tasa ce ta ja hankalina. Ta ƙarfe ce, sabuwa fil, an yi mata shuɗin fenti, tana da kanta da dogayen kujeru shida, ga taga biyu manya da ake ɗagawa sama su zama inuwa da rana, in dare ya raba a sauke su a sa kwaɗo. Na tambaye shi inda ya samo ta. Ya ce wani yaro mai walda ne ya ƙera ta a wurin aikinsa, aka ɗora ta a amalanke aka kawo, a ranar ya fara dafa shayi a ciki. Da ya siffanta mini yaron sai gabana ya faɗi. Tsohon ɗalibina ne. Ya faɗi jarrabawar BEPC sau biyu, kuma ni da bakina na taɓa ce wa mahaifinsa ban ga inda yaron nan zai kai ba.

Washegari na nemi wurin. Na same shi a tsugune da baƙin tabarau a goshi, yara uku na riƙe masa ƙarfe. Ya miƙe da sauri ya ce, "Mushe, yau kai ne a wurinmu?" Na ce ni ne, rumfarka na gani a tasha. Ya yi dariya ya ce, "Ai waccan ta bakwai ce, Mushe. Duk awonsu ɗaya. Ta farko ce ta ba ni wahala, daga nan na rubuta awon a littafi. Yanzu ko ba na nan, yaran nan sun san abin da za su yanka." Ina tsaye ya ɗauki abin awo ya auna ƙarfen da suka haɗa daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya sake auna ɗaya gicciyen, don ya tabbata bai karkace ba. Lissafin nan ne fa abokin aikina ya yi shekara biyu yana rubuta masa a allo bai shiga ba.

Ni tarihi da labarin ƙasa nake koyarwa, shi ya sa ina hanyar komawa gida wani labari da na taɓa karantawa ya dawo mini. A wata ƙasa mai nisa an yi irin wannan farawa, kuma can ta kai ga masana'antu da suka ciyar da dubban iyalai. Zan ba iyaye da 'yan'uwana malamai labarin, sannan in faɗi abin da nake gani: rumfar abinci ta bakin hanya da mai ƙera ta sun cancanci makaranta ta koyar da aikinsu, hukuma ta ba su wurin zama, mu kuma iyaye mu daina jin kunyarsu.

Yadda keken doki ya zama masana'anta

A shekarar 1872, a garin Providence da ke jihar Rhode Island ta Amurka, wani mutum mai suna Walter Scott ya lura cewa da dare ya yi gidajen abinci duk sun rufe, alhali ma'aikatan gidan jarida kwana suke suna aiki. Sai ya samu keken doki mai rufi, ya huda taga a jikinsa, ya riƙa tsayawa a ƙofar gidan jaridar yana sayar da burodi da dafaffen ƙwai da kofi. Duk wanda ya san mai shayin da ke kwana a bakin asibiti ko tasha ya san irin aikin Walter Scott, bambancin kawai shi doki ke ja masa tebur.

Wasu suka kwaikwaye shi. A garin Worcester na jihar Massachusetts, a 1887, Samuel Jones ya fito da keken da mai saye zai iya shiga ciki ya ci, abin da ke da amfani ƙwarai a ƙasar da ƙanƙara ke zuba. A garin dai, Thomas Buckley ya gane cewa ƙera keken ya fi sayar da abincin riba, sai ya koma ƙera su yana aikawa garuruwa. Da kekunan suka yi yawa suka fara tare hanya, hukumomin garuruwa da dama suka sa doka: a fito da yamma, a bar titi kafin hantsi. Masu kekunan sai suka nemi 'yan filaye a gefen hanya, suka ajiye su wuri ɗaya, suka ja ruwa da wuta, suka riƙa ciniki dare da rana. Mai karatu ya riƙe wannan wurin, za mu dawo kansa.

Daga nan kamfanoni suka kafu. Worcester Lunch Car Company ya fara a 1906, kuma kafin ya tsaya a 1957 ya ƙera guda 651, kowanne da lambarsa. Patrick Tierney ya kafa nasa a New Rochelle ta jihar New York. Kamfanin Jerry O'Mahony na jihar New Jersey ya ƙera kimanin 2,000 tsakanin 1917 da 1952. Kullman ya fara a 1927, ga Silk City a garin Paterson, har New Jersey ta zama cibiyar sana'ar. Da yake siffarsa ta yi kama da taragon jirgin ƙasa da fasinjoji ke cin abinci a ciki, a shekarun 1920 suka raɗa masa sunan da ke fita kamar "daina" a bakinsu. Ba dainawa irin tamu ba ce, don haka ni taragon abinci zan kira shi.

Dogo ne siriri, domin dole ya hau jirgin ƙasa ko babbar mota ya bi titi zuwa wurin mai shi. A masana'anta ake gama komai: kanta, kujeru masu juyawa, murhu, wurin wanke kwanoni, firij, har fitilu. In an sauke shi a fili, sai a haɗa ruwa da wuta a fara ciniki. An tsara cikinsa yadda mutum ɗaya ko biyu za su dafa, su zuba, su karɓi kuɗi, ba tare da yawan kai-kawo ba. Da farko katako ne. Daga baya aka lulluɓe shi da ƙarfe mai shafen tangaran irin na kwanonin jeren iyayenmu mata, sannan aka koma ƙarfen da ba ya tsatsa, duk don sauƙin wankewa. Da suka ga mata na ƙyamar shiga, sai suka ƙara makewayi da tebura, iyali suka fara zuwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake sayar da shi. Mai ƙaramin ƙarfi ba ya biya gaba ɗaya. Yana ba da kafin alƙalami, sauran ya riƙa biya kaɗan-kaɗan daga cinikinsa. Kamfanin Tierney har horo yake ba mai saye kan yadda ake tafiyar da wurin. In ciniki ya bunƙasa, mutum ya mayar da tsohon taragon a ba shi babba, kamfani ya gyara tsohon ya sayar wa sabon shiga. Kamfanin Valentine na garin Wichita a jihar Kansas, wanda ya yi tashe bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ƙanana yake ƙerawa, masu kujera takwas zuwa goma sha biyu. A jikin bango yakan sa ɗan akwatin ƙarfe mai kulle. Mai taragon yana jefa wani kaso na cinikin yini a ciki, wakilin kamfani ya zagayo ya buɗe ya kwashe. Asusu ke nan, sai dai mabuɗin yana hannun mai bin bashi. Da wannan hanya sojojin da suka dawo daga yaƙi, da baƙin da suka shigo Amurka hannu biyu, musamman Girkawa a yankin New York da New Jersey, suka mallaki wurin cinikinsu suka sa 'ya'yansu makaranta.

Abin da ya karya su, da abin da ya rage

Kowane tashe da lokacinsa. A 1956 Amurka ta yi dokar gina manyan tagwayen hanyoyi da suka haɗa jihohinta. Sababbin hanyoyin suka kewaye garuruwa, motoci suka daina bi ta ƙofar tsofaffin taragu. A daidai lokacin kamfanonin abincin gaggawa irin su McDonald's suka bazu da rassa iri ɗaya a ko'ina, da jarin da mai tarago ɗaya ba zai iya ja da shi ba. Masana'antun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Na Worcester an yi gwanjon kayansa a 1961. Daga cikin dubu biyun O'Mahony, waɗanda suka rage ba su wuce 'yan gomomi ba. Da yawa an sare su an sayar a matsayin tsohon ƙarfe.

Amma wasu sun tsira, kuma yadda suka tsira shi ma darasi ne. A farkon shekarun 1970 wani ɗalibin zanen gine-gine mai suna Richard Gutman ya fara bin su yana ɗaukar hoto yana tambayar masu su, a lokacin da manyan malamai ba su ɗauke su abin nazari ba, kuma a 1979 ya fitar da littafi a kansu. A 1978 aka sa Modern Diner na garin Pawtucket, wanda aka ƙera a farkon shekarun 1940, cikin kundin wuraren tarihi na ƙasar, shi ne taragon abinci na farko da ya samu wannan matsayi. Casey's da ke garin Natick, ƙirar Worcester ta 1922 mai kujera goma, ya haura shekara ɗari. Mickey's na garin Saint Paul a jihar Minnesota ƙirar O'Mahony ne, an buɗe shi a 1939, shi ma yana cikin kundin. Shi kuwa wanda Clovis Lamy ya saya a 1946 bayan ya dawo daga yaƙi, gidan tarihi na Henry Ford da ke Dearborn a jihar Michigan ya saye shi ya gyara ya ajiye a cikin zaurensa, kusa da motocin shugabannin ƙasa. Malamai na kai 'yan makaranta su ga inda kakanninsu ma'aikata suka ci abinci.

Tamu hanyar

To, mu dawo gida. Hanyar da ta rabu daga Tsarnawa kusa da Birnin Ƙonni, ta bi ta Badagishiri ta shigo Tahoua, sannan ta miƙe arewa ta Tabalak da Abalak zuwa Agadas da Arlit, ita ce jijiyar Adar. Ɓangaren arewa an shimfiɗa masa kwalta ne tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, don jigilar ma'adinin uraniyom. Tsakaninmu da Agadas kusan kilomita 400 ne, kuma duk direba da fasinjan da ya bi ta sai ya ci abinci. Wanda ya taɓa tsayawa a Tabalak ya san soyayyen kifin tabkin nan, wanda ya wuce Abalak ya san cukunta. A kowace tasha akwai mai shayi da burodinsa da ƙwansa, akwai mai gasa nama, akwai mata masu shinkafa da wake da dambu da fura. Masu ciniki suna nan, masu dafawa suna nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wurin zama mai tsabta da inuwa da ruwa.

Sana'ar kuma ba baƙuwarmu ba ce. Adarawa sun yi suna wajen tafiya biɗa, kowace shekara bayan girbi garuruwanmu sukan koma na mata da tsofaffi da yara. Da yawa daga cikin masu tafiyar abinci suke sayarwa a bakin titin wasu. A Abijan, abincin da talaka da ɗalibi suka fi dogaro da shi, wato aceke da soyayyen kifin teku, sunansa garba, kuma sunan ya samo asali ne daga 'yan Nijar da suka yi fice wajen sayar da shi. A biranen Najeriya ma 'yan'uwanmu na cikin masu shayin da ke kwana a bakin hanya. Ashe abin da Girkawa suka yi a New York mun yi irinsa a Kodebuwa. Abin mamaki, yaron da ke soya kifi a Abijan yana aiko da kuɗi muna sa masa albarka, amma in ya ce zai kafa tebur a tashar garinsu sai mu ce ya zubar mana da mutunci.

Ƙera abu a wani wuri a kai shi wani wuri ma ba sabo ba ne a gare mu. Jinkar ɗaki da hular rumbu a ƙasa ake ɗaure su, in an gama a kira maƙwabta a ɗaga a ɗora. Zana a gida ake saƙa ta a kai kasuwa. Abzinawan Azawak suna kwance tantinsu na fata su ɗora wa jaki, su kafa shi a sabon masauki kafin rana ta faɗi. Yau kuma ga masu walda suna ƙera rumfuna da shaguna, ga kwantenonin da suka zo da kaya daga bakin teku ana huda musu ƙofa da taga. Abin da ya rage tsakanin tsohon ɗalibina da su Buckley abu uku ne: tsari mai kyau da aka yi nazari a kansa, hanyar sayarwa bashi, da tabbacin cewa ba za a tashi mai saye gobe ba.

Abin da masu ja za su ce

Na farko za a ce ƙarfe da zafin Tahoua ba su jituwa. Gaskiya ne. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma wanda ya taɓa shiga kwantena da azahar ya san tanda ce. Amurkawa sanyi suke gudu, shi ya sa suka rufe taragonsu ruf. Mu rana da ƙura muke gudu, don haka kwafar nasu kai-tsaye wauta ce. Tamu rumfar tana buƙatar rufi biyu da iska ke bi ta tsakaninsu, zana ko katako daga ciki, manyan tagogi masu raga, doguwar baranda, a kuma kafa ta yadda ranar yamma ba za ta daki dogon gefenta ba. Tana buƙatar wurin randa ko tanki da famfon wanke hannu, da akwatin gilashi da zai raba abinci da ƙuda. Waɗanda suka ga annobar kwalarar 2021, wadda ta taɓa jiharmu, sun san wannan ba ƙawa ba ce. Duk waɗannan tambayoyi ne na kimiyya da lissafi, kuma su ne ya kamata yaro ya koya a aji maimakon ya gano su bayan ya ɓata ƙarfen mutane.

Na biyu, uba zai ce, "Na sa ɗana makaranta ne don ya zama mai shayi?" Na fahimci wannan zafin, ni ma uba ne. Amma mu malamai mun san gaskiyar da ba mu cika faɗa ba. Mu ƙirga yaran da muka karɓa a ajin farko na sakandare, mu ƙirga waɗanda suka kai ƙarshe, sannan mu ƙirga waɗanda gwamnati ta ɗauka aiki. Ragowar fa, ina suke? Suna kan hanyar Abijan, ko Libiya, ko Aljeriya, ko ramukan zinariya, wasu kuma ba su dawo ba. Ba na cewa kowane yaro ya bar karatu ya kama walda. Mai kaifin da zai zama likita a tura shi ya zama. Ina cewa yaron da ya iya karatu da lissafi ya fi wanda bai iya ba riƙe teburin shayi, ya fi shi auna ƙarfe, ya fi shi rubuta bashi. Karatu da sana'a ba kishiyoyi ba ne, mu ne muka haɗa su faɗa.

Na uku, za a ce rumfunan nan su ke ɓata gari da tare hanya. Nan ne wurin da na ce a riƙe. Garuruwan Amurka ma sun ga cunkoson, sai suka sa doka ta lokaci da wuri, masu sana'ar suka koma gefe suka zauna, har zamansu ya haifi masana'anta. Mu kuwa mun fi sanin rusau. Kowa na tune da yadda aka kwashe shaguna da rumfunan bakin titi a Yamai a 2016. Ba na musun cewa gari na buƙatar tsari, kuma na ji daɗin titunan da Tahoua ta samu lokacin bikin 18 ga Disamba na 2017 da aka yi wa laƙabi da Tahoua Sakola. Amma bari in ba da abin da na gani da idona a wani gari da na taɓa koyarwa. Akwai wata yarinya a ajina, tana cikin biyar na farko. Mahaifiyarta na da rumfar shinkafa a bakin hanya. Aka zo gyaran titi aka tashe su, ba a nuna musu inda za su koma ba. Uwar ta koma dafawa a gida, kuma abincin gida sai da mai kai shi wurin masu saye. Wa za a ɗora wa tiren? Yarinyar ta fara makara, ta fara fashi ranar kasuwa, kafin ƙarshen shekara kujerarta ta zama wayam. Na je gidan, uwar ta ce mini, "Mushe, ka faɗa mini abin da za mu ci, gobe in turo ta." Ban samu amsa ba. Duk lokacin da muka yi taron iyaye muna kukan talla, ita nake tunawa. Uwar da ke da tabbataccen wuri a tasha masu saye ne ke zuwa wurinta. Rumfar da aka ƙera don a iya ɗagawa kuma, in gyaran titi ya zo, ɗauke ta ake yi a matsar, jarin bai mutu ba.

Akwai kuma gargaɗi a cikin labarin Amurkar. Hanya ce ta raya taragun, hanya ce kuma ta kashe su da ta sauya wuri. Mu ma mun ga yadda ciniki ke raguwa a garuruwan arewa idan kwalta ta lalace ko tsaro ya taɓarɓare, da yadda manyan motocin fasinja ke tsayawa a tashoshinsu kawai. Wannan ma dalili ne na a ƙera abin da za a iya ɗauka a bi kasuwa da shi.

Abin da nake roƙo

Ga cibiyoyin koyon sana'a da ke garuruwanmu da makarantun fasaha, roƙona shi ne kowace shekara ɗalibai su ƙera rumfar abinci guda ɗaya cikakkiya a matsayin aikin kammalawa. Masu walda su yi ƙarfen, kafintoci su yi cikin, masu aikin lantarki su sa faifan hasken rana da fitila, masu aikin famfo su sa wurin wanke hannu. A kai ta tasha mai shayi ko mai abinci ya yi aiki da ita, bayan wata shida a koma a tambaye shi inda ta gaza, a gyara a ta shekara mai zuwa. Asusun FAFPA da aka kafa don tallafa wa koyon sana'a zai iya shigowa nan. A buga awon a takarda a raba wa masu waldar gari kyauta.

Ga hukumomin garuruwa, a ware jeri a kowace tasha da kasuwa, a auna, a ba kowa takardar zama ta shekaru, a kai ruwa, a karɓi harajin da ya dace, a kuma sa sharaɗin tsabta. Wanda ya san ba za a tashe shi gobe ba shi ne ke yarda ya kashe kuɗi ya gyara wurinsa.

Ga 'yan'uwanmu da Allah ya buɗa wa a ƙasashen waje, gina gida da sayen babur abu ne mai kyau. Amma wanda ya sa jari a wurin mai walda, aka ƙera rumfuna goma aka ba matasa da zawarawa, aka yanka farashi tun farko suna biya kaɗan-kaɗan babu kuɗin ruwa, ya samu riba ya kuma riƙe gidaje goma. Mutanen da suka iya adashi ba sai an koya musu akwatin Valentine ba.

Ga mu malamai, namu ya fi sauƙi don ba ya cin ko dala. Malamin lissafi ya kawo cinikin mai shayi cikin aji: gwangwanin madara nawa, kofi nawa ke fita, ina riba. Ya kai ɗalibai wurin mai walda su ga amfanin kusurwa. Mu na tarihi mu tura yara su zauna da mai shayin da ya fi daɗewa a tashar garinsu, da tsohuwar da ta fara sayar wa direbobin Arlit tuwo tun ana shimfiɗa kwalta, su tambaye su yadda aka fara, su rubuta, su ɗauki hoton tebur da tukunya da benci. Farfesa Djibo Hamani, wanda jami'ar garin nan ke ɗauke da sunansa, ya rubuta tarihin Adar ne da taimakon abin da ya ji daga bakin tsofaffi. Waɗanda suka ga farkon wannan hanya suna nan da ransu, amma ba za su jira mu ba. Amurkawa sai da aka sare mafi yawan taragunsu kafin su farga. Mu tamu rumfar ta zana da langa-langa ba ta ma kai ƙarfensu ƙarko ba.

Ga iyaye kuma, roƙona ɗaya ne. In yaro ya dawo daga makaranta ya ce yana son ya riƙa zuwa wurin mai walda ko kafinta ranar da babu aji, kada a ce masa ya lalace. A je a ga maigidan, a san halinsa, a sa sharaɗin cewa karatu ba zai tsaya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kafin in bar wurin tsohon ɗalibina ya ce, "Mushe, akwai abin da ke damuna. Masu shayin na kukan zafi da rana, na rasa yadda zan yi da rufin." Na ce masa zan zo da malamin kimiyyarmu ranar Asabar mu duba tare. Daga nan na wuce gidan mahaifinsa, na gaishe shi, na ce, "Alhaji, na zo ne in janye maganar da na taɓa faɗa maka a kan yaron nan." Ya yi shiru, sannan ya ce ai shi ke sayen hatsin gidan tun bara. Allah ya sa wa sana'o'in 'ya'yanmu albarka, ya ba mu ikon ganin baiwar da ya ajiye a hannunsu tun suna gabanmu.